An Gama, In Ji Kwamfuta

Da bikin ƙanwata ya matso, Kawu ya ce a samo yara biyu da mashin su zaga Garwa da katin gayyata. Na yi gyaran murya na ce, "Kawu, ai an wuce wannan zamanin. A bar mini."

Da daddare na zauna da Python, yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, da lambobin waya 300, har da na dangin Marwa da Ngaundare. Don kada saƙo ya tsaya jiran ɗan'uwansa, na ɗauko asyncio, kayan aikin Python na tafiyar da ayyuka da yawa tare, na saki kowanne da umarnin create_task, tamkar ka aiki yara 300 lokaci guda kai kana gida kana shan folere. Can an jima na bi su ina tambayar done(), wato ko sun gama. Kowa ya ce True, wato eh. Na rufe kwamfuta na kai wa Kawu albishir, har ya ba ni sefa 2,000 goro.

Ashe done() ba ruwansa da ko an dace. Abin da ya sani kawai, ɗan aike ya dawo. Ko ya isar da saƙo, ko ya faɗa kwata, ko an dakatar da shi a hanya, duk True ne. Kuɗin asusun tura saƙon sun ƙare tun a mutum na 12. Sauran kowanne ya dawo da kuskurensa a aljihu, yana jira in tambayi cancelled() ko an dakatar da shi, sannan exception() wane kuskure ya faru, ko in kira result(), mai kawo sakamako, ya amayo mini abin da ya haɗiye. Ban kira ba. Python ma ta yi ƙorafi a ƙasan allo cewa ga kurakurai ba wanda ya karɓa. Na ga Turanci ya yi yawa, barci kuma na ɗibata.

Ranar walima Gwaggo ta dafa buhu biyu na shinkafa, an kafa rumfa, an jera kujerun haya. Baƙin saƙona 11 suka zo, kuma duk sunayensu da A suka fara, don a jere na tsara su.

Kawu ya dubi tukwane, ya dube ni. "Ɗana, shi wannan Turu ɗin naka, yaushe zai zo ya ci?"

Ya miƙo hannu na mayar masa da kuɗinsa, ya miƙo mini makullin mashin. Har bayan isha'i ina zaga unguwa da kuloli gida-gida, in na dawo kuma sai Gwaggo ta buɗe kowace kula ta leƙa kafin ta yarda na kai.