Yariman da ya hana mahaifinsa barcin rana

Assalamu alaikum. Nasihar yau ta 'ya'yan manya ce: ɗan sarki, ɗan hakimi, ɗan gwamna, har ɗan mai unguwa kada ya ce ba da shi ake ba.

A shekara ta 99 bayan Hijira, wato 717 Miladiyya, Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya rasu a Dabiƙ ta ƙasar Sham, aka ɗora wa Umaru ɗan Abdul'aziz nauyin al'umma. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da aka dawo daga jana'iza, Umaru ya shiga gida zai ɗan kishingiɗa. Sai ga ɗansa Abdulmalik, saurayin da ko shekara 20 bai cika ba.

Ya ce, "Ya Amirul Muminina, me za ka yi?" Uban ya ce zai ɗan runtsa. Ya ce, "Barci za ka yi, alhali ba a mayar wa mutane abin da aka ƙwace musu ba?" Umaru ya ce ai jiya bai samu barci ba saboda hidimar mamacin, a bari ya sallaci azahar tukuna. Sai yaron ya ce, "Wa ya lamunce maka kaiwa azahar?"

Da a gidajenmu ne, da an ce yaro ya yi rashin kunya. Umaru kuwa jawo shi ya yi, ya sumbace shi a goshi, ya gode wa Allah da Ya fitar masa da mai taimakonsa kan addini daga tsatsonsa. Ya fasa barcin, ya sa aka yi shela: duk wanda aka zalunta ya zo.

Cikin masu ƙara har da wani mutumin garin Hims, ba ma Musulmi ba ne. Ƙarar wa ya kawo? Wani yariman, Abbas ɗan Halifa Walidu, jarumin da ya sha jan runduna zuwa yaƙin Rumawa. Wai ya karɓe masa gona. Abbas ya ce mahaifinsa ne ya ba shi, har da takarda. Umaru ya ce Littafin Allah ya fi cancantar a bi a kan takardar Walidu, tashi ka mayar masa da abinsa.

Abdulmalik ba shi da sarauta, ba shi da ko dogari ɗaya. Abin da yake da shi kawai shi ne yana shiga inda fadawa ba sa shiga, a lokacin da aka sallami kowa. Wannan ƙofar ce amanar ɗan sarki, kuma a kanta za a tambaye shi.

Na taɓa ganin wani dattijo a ƙofar gidan wani babba, tun hantsi har la'asar, riƙe da takardar gona da ta sha ninki har ta fara yagewa. Sau biyu ɗan gidan yana wucewa a mota, gilashi a rufe. Ban ce mugu ba ne, Allah ne Masani. Amma kalma ɗaya daga bakinsa a kan tabarmar cin tuwon dare, "Baba, akwai wani tsoho a waje," da ta wadatar.

Ya tabbata a Bukhari cewa babu shugaban da ba shi da makusanta iri biyu: masu umartarsa da alheri suna kwaɗaitar da shi, da masu zuga shi kan sharri. Ya kai ɗan gidan sarauta, babu makusancin da ya kai ka. Cikin wane kashi kake?

Ba kuma cewa na yi ka je ka ɗaga wa mahaifinka murya ba. Shi kansa Abdulmalik, da zafin ƙuruciya ya ɗebe shi yana son a gyara komai rana ɗaya, uban ya ce masa ya bi a sannu, yana tsoron in ya ɗora wa mutane gaskiya gaba ɗaya su watsar da ita gaba ɗaya. Yaron ya saurara.

Bai taɓa hawa gadon mulki ba. Ya riga mahaifinsa rasuwa, shi ma Umaru ya bi shi a shekara ta 101, bayan mulkin shekara 2 da 'yan watanni. An ruwaito cewa ya tsaya a bakin kabarin ɗan nasa, ya ce tun ranar da Allah Ya ba shi yaron yake farin ciki da shi, amma bai taɓa sa ran samun lada ta dalilinsa kamar yau da ya sa shi a wannan rami ba. Allah Ya jiƙansu.