Waƙar da aka yi da hannu

Ranar Juma'ar da ta wuce makarantar su 'yata ta gayyaci iyaye taron safe. Firamare ce ta gwamnati a wata unguwa ta birnin Bradford a Ingila, ginin jan bulo, bango duk an manne shi da zanen yara, ga ƙamshin dankalin da ake dafa musu na rana ya cika zauren. Muka zauna kan 'yan kujerun roba, matan Pakistan da gyalensu, wata 'yar Poland da ta taso daga aikin dare, Turawa kaɗan, sai ni. Aka ce 'yan aji uku za su yi waƙa. Kiɗa ya tashi, ba wanda ya buɗe baki. Yara kusan talatin, da hannu suka yi ta daga farko har ƙarshe, saboda kurma guda ɗaya tak da ke cikinsu. Yana sahun gaba, da 'yar na'ura a bayan kunnensa, wata malama ta durƙusa a gabansa tana ba shi alama. Da aka gama, maimakon tafi, kowa ya ɗaga hannu sama yana kaɗawa don yaron ya gani.

Wallahi sai da na fita waje na share hawaye. Ƙanena na tuna.

Annobar sanƙarau ta 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Zamfara, ita ta tafi da jinsa. Da ya warke aka mai da shi aji a Ƙaura Namoda, bencin baya, inda ya saba zama. Malam ya juya yana rubutu a allo yana bayani, yaro yana kallon ƙeya. Ya sha bulala don an kira suna bai amsa ba. Kafin shekara ya daina zuwa, ba kuma wanda ya zo gida ya tambayi dalili. Sunan yankansa ma ya ɓace, kowa Bebe yake ce masa, alhali yana magana. Yau faci yake yi a bakin tasha, shi da ya fi ni lissafi.

A nan Ingila dokar daidaito ta 2010 ta ɗora wa makaranta nauyin ta gyara kanta don yaro mai buƙata ta musamman, kuma a 2022 majalisarsu ta amince da maganar hannu a matsayin harshe. Mu ma muna da doka. Buhari ya sa hannu kan ta hana wariyar nakasassu a Janairun 2019, aka ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika. Ku da ke gida ku faɗa min ajujuwa nawa keken guragu ke iya shiga. Ga yaran Anka da Bukkuyum da gubar dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa a 2010. Sama da 400 sun rasu, waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata. Wane aji ya karɓe su?

Na san za a ce kuɗi ne, kuma jihar da aka kwashe mata 'yan mata a Jangebe a 2021 tana da abin da ya fi damunta. Gaskiya ne. Nan ɗin ma iyaye kan yi watanni suna jiran a amince wa ɗansu da tallafi. Amma dawo da yaro bencin gaba, da juyowa ka fuskance shi in za ka yi magana, ko sisi ba ya ci.

Kada dai wani ya ce mu ba mu da tausayi, ba zan yarda ba. Ƙanena bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Abokansa na tasha sun ƙirƙiro alamunsu, da su suka raka shi neman aure. Tsohon da ke maƙwabtaka da ni a nan kuwa, sai ya yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Da daddare muka kira gida ta bidiyo. 'Yata ta yi wa kawunta waƙar da hannu. Alamun Ingila daban suke da nasa, amma ya yi ta dariya yana kwaikwayonta, sun kai minti goma. Sai Inna ta karɓi wayar ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki gaida kakarki?" Yarinyar ta juyo ta dube ni ta yi tambaya da Turanci. Inna ta ce, "Mi tac ce?"

Cikin zango biyu makaranta ta koya mata harshen yaro guda. Shekara takwas tana ɗakina, gaisuwar Hausa ba ta zauna a bakinta ba. Hutun bazara mai zuwa, in Allah Ya yarda, kuma hanyar Gusau zuwa Ƙaura ta yi sauƙi, a ɗakin Inna za ta yi shi.