Marubucin Maradi tsakanin ƙofofi biyu

Jiya da daddare ina fada, wato majalisarmu ta hira da shan shayi, wata ƙanwata ta aiko mini da labarinta ta WhatsApp, ta ce: "Yaya, ina zan kai shi?" Har shayin hannuna ya huce ban ba ta amsa ba, domin raina ya sosu.

Mu da muke rubutu da Hausa a Nijar tsaka-mai-wuya muke. Ka leƙa gasar Voix d'Afriques da RFI ta fara bayarwa a 2020, wadda har ake kai gwaninta Faransa ya zauna a Faris ya yi rubutu hankali kwance: da Faransanci ake shiga. Ka juya ga gasar gajerun labarai ta Commonwealth, kyauta ake shiga, amma Nijar ba ta cikin ƙungiyar. Ɗan uwanka na Katsina, wanda Dan Isa da Jibiya kawai suka raba ku, zai iya nema, kai kuwa sai kallo.

Ƙofar da na nuna mata ita ce Hikayata ta BBC Hausa, gasar mata zalla tun 2016. Nan ma da aiki, don daidaitacciyar Hausa ake so. Mun bi labarin layi-layi, "munka tahi" ta koma "muka tafi", "shina" ta koma "yana". Tana gyarawa tana ƙorafi, wai an cire wa tsohuwar da ke cikin labarinta haƙora. Na ce ta bar wa tsohuwar bakinta a cikin zance, mai ba da labari ne zai sa rigar boko.

Shawarata ga kowa: karanta sharuɗɗa kafin ka ɗauki alƙalami. Shekaru, ƙasa, harshe, yawan kalmomi, ranar rufewa. Kuma duk wanda ya ce sai ka biya kafin a duba aikinka, bincike shi sosai. Ni an taɓa cin jaka biyar tawa a wani shafin Facebook da sunan kuɗin rajista. Kafin wata ya kama, shafin ya ɓace da labarin nawa.

Amma babban kukana a gida yake. Gasar 1933 ta Zariya ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, har yau muna sha. Maradi kuwa cibiyar kasuwancin ƙasar nan ce, ga Alhazai, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo cike da malaman da za su iya alƙalanci. Ana sa kofin ƙwallo, ana yi wa 'yan kokawa ruwan kuɗi, ban ƙi ba. Shin ɗaki ɗaya mai fanka, da abincin wata guda, da kyautar da za ta isa buga littafi, sun fi ƙarfin attajiri ɗaya a garin nan?

Ƙanwar tawa dai ta gama gyara, yanzu sanarwar buɗe gasa take jira.