Inda lamba ta ɗaya za ta zauna a kan zoben fitilu

Tun da na baro gida na kama aikin fitilun dandamali a nan ƙasar waje, na yi zama da ma'aikata iri biyu: waɗanda suka tashi a gidajen wasan kwaikwayo, inda ake rataye fitilu a kan miƙaƙƙun bututun ƙarfe, da waɗanda ke yawo da kaya a manyan motoci daga wannan zaure zuwa wancan domin bukukuwan kiɗa. Dukkansu da kwamfuta suke zana tsarin fitilunsu, galibi da manhajar zane ta Vectorworks ko AutoCAD, kuma ba kasafai ake ganin bambancin hannunsu ba sai ranar da aka kawo zoben ƙarfe aka ce a jera masa fitilu a kewaye.

A kan miƙaƙƙen bututu babu gardama. Ƙungiyar USITT, ta masu fasahar wasan kwaikwayo a Amurka, ta fitar da ƙa'idar zanen fitilu a 2006, wadda ta ce a fara ƙirga daga hagun dandamali zuwa damansa, wato hagun ɗan wasa idan ya fuskanci 'yan kallo, a kan sandar da ke tsaye kuma daga sama zuwa ƙasa. Manhaja tana bin wannan cikin ƙiftawar ido, domin abin da take yi kawai shi ne ta duba nisan kowace fitila daga gefe ta jera lambobi.

Zobe kuwa ba shi da baki, ba shi da ƙarshe. A ɗauki zobe mai faɗin mita 6 da aka rataya wa fitilu 24. Kewayensa ya kusa mita 19, tsakanin kowace fitila da maƙwabciyarta digiri 15 ne, kimanin santimita 78. Idan aka ce wa manhaja ta ƙirga daga hagu zuwa dama kamar yadda ta saba, za ta ba wa fitilar da ke can gefe lamba 1, daga nan sai ta riƙa tsalle tsakanin rabin gaba da rabin baya, saboda kowace fitilar gaba tana da takwararta a baya da suke layi ɗaya. Kafin a kai tsakiya, lamba 12 da lamba 13 sun yi hannun riga, mita 6 cur tsakaninsu. A allon kwamfuta zanen yana da kyan gani, amma mai riƙe da sifana zai wuni yana kai da komo.

Saboda haka mai zane ne zai yanke abu biyu da kansa: inda za a fara, da inda za a nufa. AutoCAD, idan ba a canza mata saiti ba, tana ɗaukar sifilin kusurwa daga dama, wurin ƙarfe uku na agogo, ta tafi saɓanin hannun agogo. Ma'aikacin da ke filin aiki kuwa da ƙarfe goma sha biyu yake farawa a ransa, ya bi hannun agogo. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan, wanda ni kaina na taɓa faɗawa. Zane daga sama yake kallon zobe, amma da zarar injin sarƙa ya ɗaga shi, kowa daga ƙasa yake ganinsa, kuma abin da ke bin hannun agogo daga sama, saɓaninsa yake yi daga ƙasa. Wata rana fitila ta 7 ta ƙi juya kai ana saura 'yan awoyi a buɗe ƙofa. Na faɗa wa abokin aikina ta rediyo cewa ya ƙirga daga ta ɗaya ya bi hannun agogo. Ya ɗaga kai, ya ƙirga daidai yadda na ce, ya hau ya kwance ta 19, wadda lafiyarta lau. Laifina ne, domin ni na yi zanen ban rubuta daga ina ake kallo ba.

Mutanen gidan wasan kwaikwayo da na yi aiki da su sukan raba zoben gida biyu, rabin gaba da rabin baya, su ƙirga kowane rabi daga hagun dandamali zuwa dama. Dabarar tana da alfanu, tunda hagun dandamali ba ya canzawa ko daga ina ka tsaya, kuma da a ce da ita na yi amfani ranar da na yi wancan kuskure, da ta 19 ta kwana a wurinta. Matsalarta tana fitowa ne a teburin sarrafa fitilu, lokacin da ake son haske ya zaga zoben ba yankewa, domin sai an sake jera fitilun da hannu kafin zagayen ya tafi santsi.

Masu yawo da kaya suna kallon ƙarfen kansa. Zobe yakan zo ne gaɓa huɗu ko takwas da ake haɗawa da kusoshi, don haka sai su ba wa kowace gaɓa ɗarinta: 101 zuwa 106 a gaɓar farko, 201 zuwa 206 a ta biyu, har a zago. A ganina wannan ya fi, domin lambar tana gaya wa ma'aikaci ƙarfen da zai nufa tun kayan suna cikin mota, kuma tana tafiya a jere a kewaye, yadda mai sarrafa tebur yake so.

Ya kamata a tuna cewa fitila ɗaya lamba uku take ɗauke da su: lambar mazauninta a ƙarfe, lambar da tebur ke kiranta da ita, da adireshinta na DMX, wato tsarin da tebur ke bi ya aika wa fitilu umarni ta waya. Tsarin DMX512, wanda aka kafa a 1986, gurabe 512 na aika umarni yake da su a layin waya ɗaya. Fitilu 24 masu cin gurabe 20 kowace za su shiga, tunda 480 ke nan, amma idan gurabe 24 kowace ke ci, 21 kaɗai layin zai ɗauka. Manhaja za ta tura ragowar ukun zuwa layi na biyu ba tare da ta damu da cewa yankewar ta faɗa tsakiyar gaɓa ba, alhali mai jan waya ya fi son a raba 12 da 12 a daidai mahaɗar ƙarfe. Tun 2018 da aka fito da tsarin MVR, wani nau'in fayil na musayar zane tsakanin manhajoji, ana iya kwashe zane da lambobinsa a zuba a tebur kai tsaye, wanda ke nufin kuskuren da aka yi a ofis yana isa dandamali ba tare da wani ya karanta shi a hanya ba.

Yanzu ba na barin manhaja ta ƙirga min zobe ita kaɗai. Ina zaɓar fitilun ɗaya bayan ɗaya a jeren da nake so, in fara daga mahaɗar da ke fuskantar 'yan kallo, in zana kibiya a tsakiyar zoben da rubutun cewa daga sama ake kallo. Kafin a ɗaga shi kuma, sai na bi gindin kowace fitila da farin tef na rubuta lambarta da baƙar maka, da girman da mutum zai iya karantawa yana tsaye a ƙasa da tocila a hannu.