Ruwan Kwalaben Tumatur: Abin da Muke Yi a Gida da Abin da Na Tarar a Amurka

Duk wadda ta taso a Kano ko Zariya ta san watannin da tumatur ke arha, lokacin da kwanduna ke fitowa daga Kadawa da Kura har a rasa mai saye. A lokacin ne uwargida ke markaɗa kwando guda tare da tattasai da attaruhu da albasa, ta dafa har ruwan ya tsotse, ta ɗura a kwalaben Bama, ta jera su a babbar tukunya, ta zuba ruwa har ya shanye kansu, ta bar su su yi ta tafasa. A nan Ohio inda nake zaune su ma suna adana amfanin lambunsu a Agusta da Satumba, sai dai da yawansu tukunyar firesha suke ɗorawa, kuma ruwan da suke zubawa ko rabin kwalba ba ya kaiwa.

'Yan uwa da suka sayi irin wannan tukunya sukan tambaye ni ruwa nawa za a zuba. Santimita 5 zuwa 8 daga ƙasan tukunya, wato inci 2 zuwa 3, sai dai in takardar kamfanin ta faɗi wani abu daban. Kada ruwan ya rufe kwalaben, kuma a ɗora su kan farantin nan mai huji don kada su zauna a gindin tukunya su fashe. Wadda ta taɓa turara dambu ba za ta yi mamaki ba: ruwa na ƙasa, tururi ne ke aikin. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 ko za a ƙarar da itacen gari a ƙarƙashinsa. Tururin da aka kulle kuwa yana kai digiri 116 a matsin fam 10 (fam shi ne ma'aunin matsin tururi a tukunyar), ya kai 121 a fam 15. Kafin a ɗora ɗan ƙarfen da ke toshe bututun murfi, dole a bar tururi ya yi ta fita na minti 10 don ya kori iskar da ke ciki, domin iskar da ta maƙale tana rage zafi. In an gama kuma, a kashe wuta a bar tukunya ta huce da kanta, ba a watsa mata ruwan sanyi.

Wannan bambanci na digiri 16 shi ne abin da ya dame ni game da yadda muke yi a gida. Akwai ƙwayar cuta a cikin ƙasa, Clostridium botulinum, wadda 'ya'yanta ke jure tafasa na awanni. Ba ta son iska, ba ta son tsami. Kwalbar da aka rufe gam, da abinci marar tsami a ciki, a ajiye a zafin kicin, nan ne take farfaɗowa ta saki dafin da ke shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara. Sau da yawa ba wari, ba canjin launi. A 2015 a garin Lancaster na wannan jiha tamu, mutum kusan 30 suka kwanta bayan wata liyafar coci, har aka rasa rai, saboda dankalin da aka adana a gida da tafasasshen ruwa kawai aka yi kwaɗonsa ba a sake dafawa ba.

Tumatur kansa a bakin iyaka yake wajen tsami. Shi ya sa Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce a ƙara masa babban cokali 2 na ruwan lemun tsami na kwalba, ko rabin ƙaramin cokali na sinadarin sitirik asid, a kowace kwalba mai kusan lita ɗaya. Da zarar an haɗa shi da tattasai da albasa, tsamin ya ƙara raguwa, tafasa kaɗai ba ta isa ba. Kuma markaɗenmu ke nan.

Na san za a ce iyayenmu sun daɗe suna yi, ba abin da ya same su. Ina ganin miyarmu ce ke ceton mu. Dafin, ba kamar 'ya'yan ƙwayar ba, yana lalacewa da tafasa ta minti 10, mu kuma ba ma sauke miya sai ta soyu ta nuna. Haɗarin yana wurin wadda za ta buɗe kwalba ta ɗanɗana don ta ji ko ta lalace, ko ta zuba wa yaro a shinkafa bayan ta ɗan ɗumama.

Ba na cewa kowa ta je ta sayi tukunyar firesha. Ƙaramar da muke dafa ganda da wake a ciki ba ta dace da wannan aiki ba; sai wadda za ta ɗauki aƙalla kwalabe 4 masu lita ɗaya a tsaye. Kwalaben Bama ma sun fi saurin fashewa a cikinta. Ga maganar tudu, inda ruwa ke tafasa kafin ya kai digiri 100: Kano ta haura mita 400 daga teku, Jos ta kai kusan 1,200, don haka fam 15 ake buƙata a can, 10 ba za ta yi ba.

A wajen tattasai da attaruhu, abin da muka gada ya fi abin da na gani a nan. Ranar bazara da iskar hunturu da muke da su mutanen Ohio ba su da su, sai sun sayi na'urar busarwa. Busasshen tattasai da kauɗa ba ruwansu da wannan dafi, tunda ƙwayar ba ta girma inda babu danshi, matuƙar an shanya su a tabarma mai tsabta nesa da ƙurar titi. Shawarata ga 'yar'uwata a gida ita ce ta raba aikin: tattasai da attaruhu a shanya, tumatur zalla a dafa shi ya yi kauri, a sa masa tsami, a ɗura da zafinsa. Shi wannan a tukunyarmu ta kullum za a tafasa shi, ruwa ya haura murfin kwalba da santimita 3 zuwa 5, minti 45 a gari irin Kano, ana fara ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya tafasa sosai.