Bindiga a hannun kowa: haƙƙin talaka ne ko zamewar gwamnati?

A ƙarshen watan Yunin 2022, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta fitar da wata sanarwa da ta jawo ka-ce-na-ce a faɗin Najeriya. Ta ce duk wanda ya cancanta ya nemi lasisin bindiga domin ya kare kansa daga ɓarayin daji, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar. In ka buga lissafi, fom 9,500 ke nan ga jihar da ke da miliyoyin mutane. Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, 'yan sanda kuma suka ce ai su sun riga sun dakatar da bayar da lasisi. Manomin Dansadau da na Shinkafi suka saurari kowane ɓangare a rediyo, suka koma suka kwana yadda suka saba, kunne a buɗe, ana jiran ƙarar babura.

Ba Matawalle ne ya fara ba. Aminu Bello Masari ya yi wa Katsinawa irin wannan kira a 2021, kafin su kuma Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo a watan Maris na 2018 ya ce wa mutanensa su tashi su kare kansu, kada su jira sojoji. Duk lokacin da wani babba ya yi irin wannan magana, sai muhawara ta ɓarke a majalisun hira da shafukan Facebook, kuma ba a daɗewa sai wani ya jefo sunan Amurka: ai can kowa na da 'yancin riƙe bindiga, shi ya sa ba a kuskura a shiga gidan mutum. Tunda an kafa hujja da Amurka, bari mu duba ta da kyau.

Gaskiya ne cewa gyara na biyu ga kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya ce ba za a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu ba. Sai dai jimlar ta fara ne da ambaton rundunar 'yan ƙasa mai tsari da horo, wadda a wancan zamani ita ce madogarar tsaro, domin mutanen da suka kori Turawan Ingila ba su yarda da babbar rundunar sojan gwamnati ba. Shekara fiye da ɗari biyu lauyoyi suna jayayya a kan ko haƙƙin na ɗaiɗaikun mutane ne ko na rundunar. Sai a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa na mutum ne shi kaɗai a gidansa, kuma da ƙyar aka yanke, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, kuma babu wanda zai kira shi maƙiyin bindiga, ya bayyana a cikinsa cewa haƙƙin yana da iyaka: ana iya hana wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifi, da mai taɓin hankali, ana kuma iya hana shiga da ita makarantu da ofisoshin gwamnati. Masu kafa mana hujja da Amurka ba su cika karanta wannan sashe ba.

Sakamakon kuma ba a ɓoye yake ba. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta a 2018 cewa fararen hula a Amurka na riƙe da bindigogi miliyan 393, wato sun fi yawan mutanen ƙasar. A 2021 kaɗai, alƙaluman hukumar lafiyar ƙasar sun nuna mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar harbi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Bindigar da aka saya don ɓarawon da bai zo ba, ita ce ta yi jiran ranar da maigidan ya shiga ƙunci. Idan mutum ya sha guba ko ya rataye kansa, akan samu wani ya cim masa. Harsashi ba ya ba da wannan dama.

Akwai wani abin da ya faru a Uvalde ta jihar Texas ranar 24 ga Mayun 2022 da ya kamata mai cewa yawan bindiga shi ne tsaro ya yi nazari a kai. Matashi ɗaya ya shiga makarantar firamare ya kashe yara 19 da malamai biyu. Jami'an tsaro kusan 400 suka taru a wurin, kowa da makaminsa, amma sai da aka yi minti 77 kafin a kutsa ajin. Bindiga ba ta yi ƙaranci ba ranar. Wanda zai ba da umarni a bi ne aka rasa. Ostareliya kuwa, bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, Firaminista John Howard, mai ra'ayin mazan jiya, ya tsaurara doka, gwamnati ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Manoma da maharba na can har gobe suna da bindigogi, amma da lasisi da dalili.

To, na san abin da mutumin Zurmi zai ce mini, kuma yana da gaskiya: Malam, kai kana zaune a birni kana kawo mana labarin Texas. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Ostareliya in ka buga waya, mota za ta zo. A nan in ka buga, ko dai babu sabis, ko a ce babu mai a mota, ko jami'ai su iso da hantsi su taya ku ƙirga gawa. Mutumin da aka kore masa shanu, aka ɗauke masa mata da 'ya'ya, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, sannan aka ɗora wa garinsu harajin noma, idan ya ce a bar shi ya riƙe abin da zai kare kansa, ni ba ni da bakin ce masa bai yi tunani ba. Addini ya ba shi wannan dama, domin hadisi ya tabbata cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ma bai ɗauki kisan da aka yi a kan kare kai daga farmaki, gwargwadon larura, a matsayin tauye rai ba. Kare kai haƙƙi ne, babu jayayya. Dokar da muke da ita a yau kuma, gaskiyar magana, mai bin doka kawai take ɗaure wa hannu.

Inda na rabu da masu kiran kowa ya sayi bindiga shi ne wajen tambayar ko hakan zai yi aiki. Ɓarayin daji ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba kamar ɓarawon zaune da ke haura katanga. Suna zuwa ne a kan babura hamsin ko ɗari, goyon biyu, goyon uku, da AK-47 da manyan bindigogi masu jigida. Lasisin da doka ta san da shi ba ya kai wa ga irin waɗannan. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi, waɗanda sai shugaban ƙasa ne ke ba da izininsu, na kai, kamar bindigar farauta mai baki biyu, waɗanda ke hannun Sufeto Janar, sai harba-ka-ruga irin ta maharba, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke iya ba da izininta. Ke nan abin da ake gaya wa manomi shi ne ya tari mai AK-47 da bindigar da sai ya tsaya ya ɗura mata albarushi bayan kowane harbi. In kuma aka ce a buɗe ƙofa kowa ya sayi ta yaƙi, wa ke da kuɗinta? Ɗan siyasa da ɗan kwangila da dillalin zinare, sai yaransu. Talakan da ke neman kuɗin taki ba ya cikin lissafin. Za mu wayi gari an halatta wa 'yan bangar siyasa abin da suke ɓoyewa a but ɗin mota, kuma zaɓe na tafe.

Bayan haka, ba yau muka fara gwada wannan hanya ba, kuma jiki magayi. Duk wanda ya san asalin rikicin Zamfara ya san rawar da 'yan sa-kai suka taka. Sun taso ne saboda satar shanu da fashi sun ishi mutane, hukuma kuma ta yi biris. Amma da yake babu mai tsawata musu, babu kotu, babu bincike, sai aka koma kama Bafulatani a kasuwa a yanka shi a bainar jama'a saboda kamanninsa. 'Yan'uwansa suka shige daji suka sayi makaman da suka fi na 'yan sa-kai, ramuwa ta haifi ramuwa. A watan Afrilun 2014 a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, 'yan banga da shugabannin al'umma suna tsaka da taro kan tsaro aka far musu, aka kashe fiye da mutum ɗari. Haka a maƙwabciyarmu Nijar, a farkon Nuwambar 2021, magajin garin Banibangou ya jagoranci 'yan sa-kai suka fita neman maharan da suka addabe su, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi kansa. Jarumtar waɗannan mutane ba abin tambaya ba ce. An dai bar su su yi aikin soja ba tare da horon soja ko kayan soja ba.

Kada kuma mu manta da Uromi. A ƙarshen Maris na 2025 'yan banga a jihar Edo suka tare motar da ta ɗauko maharba 'yan Kano da ke komawa gida bikin Sallah daga Fatakwal. Suka ga bindigogin farauta, suka yanke hukunci nan take cewa masu garkuwa da mutane ne, aka ƙona mutum 16. Mu da muka yi kukan wannan ta'asa, ya kamata mu lura cewa waɗanda suka aikata ta su ma da sunan kare garinsu suka fito. Idan aka ce kowane gari ya ɗauki makami ya zama alƙalin kansa, Bahaushe ne zai fi kowa shan wuya, domin shi ne ke kan hanya kullum, daga Shagamu zuwa Onitsha, da albasa da shanu da kayan koli.

Akwai masu kawo Suwizalan a matsayin misali, wai bindigogi sun yi yawa amma kisa kaɗan ne. Haka ne. Sai dai can da yawa daga cikin bindigogin sun samo asali ne daga aikin soja na dole da ake yi wa maza, waɗanda ke hannun sojojin kowace tana da lamba da sunan mai ita, kuma tun 2007 aka daina ba sojojin harsashi su tafi da shi gida. Mu kuwa fa? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya fito fili a farkon 2022, ya ce makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga hannun rundunar 'yan sanda, daga ciki har da AK-47 guda 88,078. Hukumar da ba ta iya ƙirga abin da ke cikin ma'ajiyarta ba, ita ake so ta bi sawun miliyoyin bindigogi a ƙarƙashin gadajen mutane? Sau da yawa muna ɗora laifin yaɗuwar makamai a kan rushewar Libiya a 2011, kuma akwai gaskiya a ciki, amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

A ganina, abin da ɗan ƙasa ke bin gwamnati bashi shi ne tsaro, kamar yadda sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Gwamnan da ke karɓar kuɗin tsaro duk wata ba tare da ya yi wa kowa bayani ba, sannan ya hau mumbari ya ce ku je ku sayi bindiga, ya miƙa wa talaka aikin ya riƙe albashin. Ita bindiga amana ce da ake damƙa wa wanda aka sani, a kan sharaɗi, a kuma karɓe in ya saɓa. Annabi (SAW) ya umarci wanda zai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana a nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa. Shari'ar da ta halatta kare kai ita ce ta fara sa wa makami takunkumi a cikin jama'a.

Shi ya sa nake ganin rundunar tsaron al'umma da Dikko Radda ya ƙaddamar a Katsina a watan Oktoban 2023, da Askarawan Zamfara da Dauda Lawal ya kafa a farkon 2024, sun fi kusa da hanya fiye da rabon fom. Aƙalla akwai suna a rubuce, akwai albashi, akwai kwamandan da za a iya kama wa a tambaya. Ba na cewa tsarkaka ne. Ana kai ƙorafin wuce gona da iri a kan irin waɗannan rundunoni, kuma in ba a yi hattara ba za su zama tsofaffin 'yan sa-kai a cikin sabon kaki. Gwajinsu guda ne: ranar da askari ya kashe makiyayin da bai ji ba bai gani ba, za a gurfanar da shi a kotu ko za a rufa masa asiri? Kuma akwai ɗan Fulani a cikin rundunar, ko an sake raba gari biyu?

Sashe na 214 na kundin tsarin mulki har yanzu ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, don haka waɗannan rundunoni na jihohi suna tafiya ne a gefen doka, da makaman da ba su kai na abokan gabarsu ba. Wannan gyara a hannun 'yan majalisar da muka zaɓa yake, da na tarayya da na jihohi, domin sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun amince kafin a taɓa kundin. Duk ɗan takarar da ya zo ƙauyenku ya ce muku ku tashi ku kare kanku, ku tambaye shi ina ya tsaya a kan wannan sashe, kuma nawa aka ba jiharku na tsaro a bara.