Wa muke yafe ma in mota ta buge namu?

Salamu alaikum ƴan uwana na Maradi. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, yau dai sai na faɗe ta ko da wasu za su ce zaman Faransa ya canza ni.

Shekara biyu da suka wuce mota ta buge ƙanena yana kan babur wajen babbar kasuwa, ƙafa ta karye wuri biyu. Mai motar mutumin kirki ne wallahi, shi ya ɗauke shi ya kai likita, ya biya odonas (takardar magani) na farko, kashegari ya zo gida da dattawan unguwarsu suka yi ma Baba jaje ya aje jikka hamsin. Baba ya ce ƙaddara ce mun yafe, aka yi fatiha aka tashi. Ba a kira ƴan sanda sun yi konsta ba, wato su rubuta yadda haɗarin ya faru, ba wanda ya tambayi takardar asirans (inshora) ɗin motar. Daga baya aka koma wajen mai ɗori saboda kuɗɗin aiki sun fi ƙarfinmu, ƙafar ta haɗe a karkace, yaron da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai yanzu sai da sanda yake zuwa shago kuma yana da mata da ƴaƴa uku.

Ni ma nan Liyon mota ta taɓa ture ni ina kan keke, kafaɗa ta goce. Direban bai taɓa zuwa duba ni ba, ko sannu a waya ban samu ba, abin ya yi mini ciwo sosai don mu ba haka muka tashi ba. Amma takarda ta yi aikinta. Suna da wata doka ta 1985 da ake kira dokar Badinter, sunan ministan shari'a na zamanin shugaban ƙasa Mitterrand, ita ta ce mai tafiya a ƙasa da mai keke da fasinja in mota ta ji masu rauni kamfanin asirans ɗin motar ne zai biya su, kuma tilas ya gabatar da tayin diyya cikin wata 8 da yin haɗarin. Suka tura ni wajen lokotoronsu ya auna ni, ya rubuta kwana nawa na yi ban yi aiki ba, ciwon da na sha, da abin da ya rage mini na naƙasa bayan rauni ya tsaya. Tayin farko da suka kawo ƙarami ne, wani aboka (lauya) ya ce kar in sa hannu, muka nemo lokotoro namu ya sake dubawa aka yi ta ja-in-ja har suka ƙara. Ko ka sa hannu ma doka ta ba ka kwana 15 ka janye. In direba ya gudu ko ba ya da asirans akwai asusu na musamman da ke biya. Akwai wahala fa, takardu kamar ba za su ƙare ba, na fi shekara ina jira, amma haƙƙina ya fito.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ma a Nijar muna da irin wannan tsarin. Ƙasarmu tana cikin CIMA, yarjejeniyar asirans da aka sa ma hannu a Yawunde a 1992, kuma dokarta ta tilasta ma duk mai mota ya yi asirans saboda wanda zai iya ji ma rauni. Kuɗin ba su kai na Turai ba don da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake lissafa su, amma ga mai karaya biyu za su taimaka a yi masa aikin ƙwarai. Mai motar da ya buge ƙanena duk shekara yana biyan asirans. To da Baba ya ce mun yafe, wa aka yafe ma? Direba dai ba daga aljihunsa za a ciro diyyar ba, kamfani ne ya riƙe kuɗinsa, mu kuma muka sayar da akuyoyin Inna.

Na san abin da ake tsoro, kar a ce gidan wane sun ci kuɗin jini ko ba su yarda da ƙaddara ba. Amma ai diyya a cikin Alƙur'ani take, Suratun Nisa'i aya ta 92, wanda ya kashe mumini bisa kuskure a miƙa diyya ga iyalinsa sai fa in su suka yi sadaka da ita, malamai kuma sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi dalla dalla. Wanda ke da haƙƙin shi ke yafewa. Ƙanena yana kwance yana nishi lokacin da aka yafe ƙafarsa, ba wanda ya tambaye shi, balle matarsa.

Ba na son mu bar zuwa jaje da dattawa, wannan abin namu ya fi na Turawa nesa ba kusa ba, na kwanta ni kaɗai a gadon asibiti, shi ya sa na san daɗinsa. Roƙona shi ne a haɗa biyun. A bar ƴan sanda ko jandarma su yi konsta, a ɗauki hoton takardar asirans da lambar mota da waya, a karɓi satifikan lokotoro tun ranar farko, duk rasit na magani da na hoton ƙashi a adana, sannan a zauna a yi fatiha a yafe ma direba har zuci. Da na yi ma Baba wannan bayanin a waya ya yi shiru, can ya ce shi bai san kamfani ne ke biya ba, da ya sani da bai hana ba.